Ƙanena ya gudo daga yaƙin Yukren yana Jamus, ejan ya ce ya nemi azil (mafaka), mu sayar da filin Inna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, dan Allah a taimaka min hankalina a tashe yake. Ƙanena yana aji huɗu a karatun likita a Kharkiv ta Yukren yaƙi ya ɓarke, ya fito ta Polan ya shiga Jamus tun 2022. Takardar da ke hannunsa yanzu irin ta wucin gadin nan ce, saura sati shida ta ƙare, ga shi Bajamushiyar da ta ba shi ɗaki ta ce ɗanta zai dawo, ya nemi wani wurin. Wani ejan ɗan ƙasarmu a can ya ce a kawo yuro 2,500 zai shirya mishi labari ya nemi azil, wai tunda daga yaƙi ya fito dole su ba shi, da gida da kuɗin wata kamar yadda ake ba 'yan Yukren. Yaron yana jin Jamusanci ya ce ya ci jarrabawar yaren ta matakin B1. Mun fara maganar sayar da filin mahaifiyarmu. Mu biya ko kar mu biya? Daga 'yar'uwarku a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kar ku biya, ko sisi, kuma ki kira shi yau ɗin nan ki ce kar ya kuskura ya furta kalmar azil a gaban wani jami'i sai ya zauna da lauya ko ofishin ba da shawara. Bari in miki bayani dan ki samu abin gaya wa Inna.

Abin da 'yan Yukren suke da shi ba azil ba ne. Wannan shi ne abin da kullum sai na maimaita har bakina ya gaji. Kariyar wucin gadi ce da Tarayyar Turai ta kunna ranar 4 ga Maris 2022, dokar tun 2001 take ajiye ba a taɓa amfani da ita ba sai a lokacin, a Jamus kuma ita ce ake kira sashe na 24 na dokar zama. An yi ta ƙara mata wa'adi, a 2025 aka kai shi 4 ga Maris 2027. Ba sa zuwa intabiyu, ba sa ba da labarin kowa, fasfo ne kawai da shaidar cewa suna Yukren kafin 24 ga Fabrairu 2022. Waɗanda dole a ba wannan kariyar su ne 'yan ƙasar, da iyalansu, da wanda dama Yukren ta ba mafaka, sai mai takardar zaman dindindin a can wanda ba zai iya komawa ƙasarsa lafiya ba. Ɗalibi mai takardar zama ta shekara-shekara kamar ƙaninki, an bar wa kowace ƙasa ganin dama, kuma yawancinsu sun ga damar rufe ƙofa. Jamus ta daina ba irinsu tun 2024, waɗanda suka samu a baya ma ba a tsawaita musu kai tsaye ba bayan 4 ga Maris 2025. Holan ma ta janye tata, aka je har kotun Tarayyar Turai, ranar 19 ga Disamba 2024 kotun ta ce ƙasa tana da ikon janye abin da ta bayar dan raɗin kanta. Abin dariya shari'ar sunanta Kaduna, ba wai dan wani ɗan Kaduna ba, sunan ƙirƙira ne kotun ke liƙa wa shari'o'i dan a ɓoye masu ƙara, amma ranar da na gani sai da na yi murmushi.

Toh yanzu mu zo kan ejan ɗinku da maganar "ai daga yaƙi ya fito". Hukumar da ke duba azil a Jamus, BAMF, ba ruwanta da inda ka fito, ƙasar da ke jikin fasfonka take dubawa. Ƙaninki ɗan Najeriya ne. Tambayar da za a yi mishi ita ce me zai same ka in ka koma Najeriya, ba me ya same ka a Kharkiv ba. Ko da bam ya faɗa a kan hostel ɗinsu, ko ya kwana goma a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, za su saurara su tausaya su rubuta, sannan su ce toh ai Kano ba a yaƙi da Rasha. Ejan ɗin ya san da haka sarai, shi ya sa ya ce zai "shirya labari", kuma na san irin labaran, na karanta su sun fi a ƙirga: 'yan ƙungiyar asiri na nemana, kawuna zai kashe ni saboda gado, 'yan bindiga sun ƙone ƙauyenmu, wani har a sa shi ya ce shi mai neman maza ne, yaron da ya yi sauka a Islamiyya. Labari ɗaya ake sayar wa mutum ashirin ana canza sunan gari kawai. Kin ɗauka jami'in da ya shekara yana sauraron 'yan Najeriya bai gane ba? Za a zaunar da shi awa uku huɗu da tafinta, a tambaye shi abu ɗaya ta fuska biyar, wace rana ce, wane launi ne ƙofar gidan, me ya sa ka iya zuwa Yukren da biza ka biya kuɗin makaranta shekara huɗu, kana zuwa hutu gida, ba ka taɓa neman mafaka ba sai yanzu. In ma sun yarda akwai matsala a garinku sai su ce Najeriya faɗi gare ta, ka koma Legas ko Abuja.

Kuma ba wai a ƙi shi kawai shikenan ya koma inda yake ba, da haka ne da da sauƙi. Ranar da ya shigar da azil za a karɓe fasfonsa, a ɗauki hoton yatsunsa a saka a rumbun da duk ƙasashen Turai ke gani, a tura shi sansanin karɓar baƙi inda kwamfuta ta zaɓa, mai yiwuwa wata jihar daban nesa da malamin Jamusancinsa da duk wanda ya sani, kuma doka ta yarda a riƙe mutum mara iyali a irin wannan wurin har wata 18. Gidan da ejan ya yi alkawari kenan, ɗaki ɗaya mutum huɗu ko shida da banɗakin haɗaka. Kuɗin watan ma ba irin na Jobcenter ba ne, ofishin tallafin masu neman aiki, da 'yan Yukren suka koma kai tun Yunin 2022, wanda babban mutum shi kaɗai yake samun yuro 563 banda haya, na masu azil ya gaza haka. Sai babbar masifar, sashe na 10 na dokar zama: muddin maganar azil na gudana, ko an ƙi ta, ba a ba ka takardar karatu ko ta koyon sana'a daga cikin ƙasa sai a 'yan wurare ƙalilan, in kuwa suka buga mata hatimin "ƙarya ce a fili" toh ƙofar ta ƙara ƙullewa, kuma sati ɗaya tak gare ka ka kai ƙara kotu, in an ƙi ka ba tare da wannan hatimin ba kuma sati biyu ne. Wato yaron da yau yake da hanya a buɗe, da kuɗin filin uwarsa za a saya mishi kwaɗon da za a rufe ta.

Akwai wani yaro da ya zo ofis wurina, ba zan faɗi garinsu ba, shi ma likitanci yake a Yukren, ya shigo da takardunsa a ledar shago duk sun lanƙwashe. Wani gidan kula da tsofaffi ya riga ya ba shi kwantiragin koyon aikin jinya, an sa hannu, saura ofishin baƙi su buga takarda. Wata biyu kafin nan wani "oga" ya karɓi kuɗinsa ya kai shi ya shigar da azil, wai dan ya "tsare bayansa". Ina buɗe ambulan ɗin amsar BAMF na ga an ƙi shi da wancan hatimin, na duba kwanan watan, na ƙirga da yatsa, kwana tara, wa'adin sati ɗaya ya wuce. Ya kira ogan a gabana, layin a kashe. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Irin su za su ce miki ai ko an ƙi shi akwai Duldung na koyon sana'a, eh akwai, amma Duldung ba izinin zama ba ne, dakatar da kora ne, kuma shi ma sai an tabbatar da ko kai waye, wanda ya riga ya canza suna ko shekarun haihuwa a labarin ejan ya zai yi? Akwai kuma 'yar ƙaramar ƙofa ga wanda ya shigo kafin 29 ga Maris 2023 ya janye azil ɗinsa da kansa, amma ta ƙwararrun ma'aikata ce masu shaidar da Jamus ta amince da ita, ɗan aji huɗu bai kai nan ba.

Kar a fahimce ni baibai, wanda da gaske ake farautar ransa a gida haƙƙinsa ne ya nemi mafaka, kuma kyauta ne, ba a biyan kowa, akwai ma masu ba da shawara kyauta kafin intabiyu. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi dan ya "shigar" da kai azil ɓarawo ne. A Jamus ba kowane mai jaka da katin waya ne doka ta yarda ya yi aikin lauya ba.

Abin da zai yi a sati shidan nan: takardar hannunsa da alama Fiktionsbescheinigung ce, ma'ana ya nemi wani abu ana dubawa, toh ya fara sanin me ya nema kuma wane gida aka yi wa alama a jikinta, dan a nan ake gane ko zai iya aiki. Ya rubuta wa ofishin baƙi, Ausländerbehörde, neman tsawaitawa tun kafin ta ƙare, a rubuce, ya ajiye shaidar aikawa. Na san ba sa ɗaga waya, na san ana wata uku ba a samu ranar ganawa ba, ni ma kullum da su nake faɗa, amma wanda ya aika kafin ranar da wanda ya aika bayanta da kwana ɗaya ba matsayinsu ɗaya ba a doka. Sannan ya bazama neman gurbin Ausbildung, wato koyon sana'a, musamman aikin jinya, shekara uku ne kuma ana biyan albashi tun daga watan farko, asibitoci da gidajen tsofaffi suna neman mutane ido rufe, mai shekara huɗu a likitanci kuma ba baƙon gado da allura ba ne. Yawanci Jamusanci matakin B2 suke so, na gaba da B1, ya dage ya ƙarasa. Hanyar jami'a tana nan amma sai an nuna kusan yuro 11,904 na shekara a asusun da ake kullewa, gurbin likitanci kuma wuya gare shi ko ga 'yan ƙasa. In har dole sai an taɓa fili, toh gara nan da aljihun ejan, amma ni ban ce a taɓa ba.

Lauya ba sai da dubbai ba. Ya fara da Caritas, Diakonie, AWO ko Red Cross ta Jamus, duk suna da ofishin shawara ga baƙi kyauta kuma ba ruwansu da addininka, in bai wuce shekara 27 ba ya nemi Jugendmigrationsdienst, ofishin shawara na matasa baƙi. Kowace jiha tana da Flüchtlingsrat, ƙungiyar kare haƙƙin 'yan gudun hijira, jami'o'i da yawa kuma ɗaliban lauya suna ba da shawara kyauta ƙarƙashin kulawar manyansu. In ana buƙatar cikakken lauya ya je ƙaramar kotun garinsu, Amtsgericht, da shaidar ba shi da kuɗi ya karɓi Beratungshilfeschein, takardar tallafin ganin lauya, da ita yuro 15 kawai zai ba lauyan. Ya nemi wanda fanninsa dokar baƙi ce, ba lauyan hatsarin mota ba.

Maganar ɗaki kuma, ya zauna da matar nan cikin mutunci, shekaru ta riƙe shi, ya roƙi ta ba shi rana takamaimai a rubuce, ya ɗauki takardar ya kai ofishin jin daɗin jama'a na garin tun yanzu, hukumar gari ce ke da alhakin samar wa wanda zai rasa matsuguni wurin kwana. In yana karɓar tallafi kar ya sa hannu a kan haya sai ofishin da ke biya sun amince tukuna, in ba haka ba su bar shi da ita. Kuɗin ajiya bai halatta ya wuce hayar wata uku ba, kuma yana da damar biya kashi uku. Kar ya tura wa kowa kuɗi a Facebook ko WhatsApp kafin ya ga ɗaki da idonsa. Kar kuma ya sayi adireshi, akwai masu sayar da rajistar gidan da ba ka kwana a ciki, laifi ne, mai bayarwa tararsa na iya kai yuro 50,000, shi kuma wasiƙunsa su riƙa zuwa inda ba ya nan.

In duk an gwada bai yiwu ba, dawowa gida da ƙafarsa ba abin kunya ba ne, akwai shirin REAG/GARP da ke biyan tikiti ga wanda ya cancanta, kuma wanda ya fita da kansa a kan lokaci ba a buga mishi haramcin shigowa irin na wanda aka kora, zai iya sake neman biza da kwantiragi a hannu. Sai dai ya bincika da hukumar likitoci ta Najeriya kafin ya ce zai ƙarasa karatun Yukren ta intanet, dan tun 2022 suka nuna ba su yarda da wannan ba.

Ki ce mishi yau ya leƙa akwatin wasiƙar gidan ya tabbatar sunansa na jiki, in ya tashi kuma ya yi rajistar sabon adireshi cikin sati biyu ya sanar da ofishin baƙi. In ya ga ambulan ruwan ɗorawa kar ya yar da ita, kwanan watan da ɗan aike ya rubuta da biro a jikinta daga shi ake fara ƙirga wa'adi, ya ɗauke ta da wasiƙar duka ya kai ofishin shawara washegari da safe.