Hukuncin zagaya gidaje don kiran iyaye su kai yara awo

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni 'yar sa-kai ce a unguwar Kurna ta Kano, muna shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi muna faɗa wa iyaye su kai yara asibiti a duba su tun ba su kwanta ba. Wani maigida ya ce mini kai lafiyayyen yaro wurin likita tsokano cuta ne, kuma ƙarancin tawakkali ne. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba ki da laifi, 'yar'uwa, lada ma kike samu idan niyya ta gyaru. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi nuni ga alheri yana da kwatankwacin ladan wanda ya aikata shi. A fahimtata, sanar da talaka abin da zai tsare ran ɗansa farilla ce ta kifaya: idan wasu sun ɗauke ta saura sun kuɓuta, idan kowa ya yi shiru alhakin yana kan kowa.

Batun tawakkali kuwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah, kamar yadda Tirmizi ya kawo. Sayyidina Umar ma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham juyawa ya yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Awo ba ya kawo cuta, wadda ta riga ta ɓuya yake tonowa. Tamowa tana cin yaro a hankali, uwa tana cewa haƙori ne. Ɗan madaurin nan da ake zagaya wa damtsensa, idan ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari ko da yana wasa. Sikila kuma gwajin jini ke tabbatar da ita. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, allurar rigakafi kyauta ce a asibitocin gwamnati, amma wani uban bai sani ba, sai ciwo ya ci ƙarfin yaro a garzaya asibitin yara na Hasiya Bayero da kuɗin rance. Uban da ya sani, yana da iko, ya hana har cutarwa ta auku, za a tambaye shi game da kiwon da aka ba shi.

Sai dai kada ki raina tsoron mutanenmu. Kano ba ta manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin sanƙarau na 1996 ba. Don haka wajibi ne ki faɗi gaskiyar abin da za a yi wa yaro da abin da za a biya, ban da ƙari. Ki yi sallama, ki jira izini kamar yadda Suratun Nur ta umarta, kuma abin da kika gani na rashi ko ciwo a gidan mutane amana ne, haramun ne ki kai shi gaba. Maigidan nan kada ki yi jayayya da shi gaban iyalinsa, ki nemi limamin unguwa ko mai unguwa ya zauna da shi.

Wallahu a'alam.