Giyar jif ɗina na maƙalewa a gosulo, in na kashe na tayar ta dawo daidai: in sayi wata a Ladipo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege, ina da Prado ƙirar 2007 mai silinda shida, giyar otomatik. Da safe lafiya lau take. Amma in na daɗe cikin gosulo a titin Ikorodu da yamma, sai ta buga giya da ƙarfi, daga nan ta tsaya a giya ɗaya, ko na taka totur sai ƙugi ba gudu. In na kashe na sake tayarwa, ta dawo daidai. A gareji kuwa ta ƙi yi a gabansu. Makanike ya ce giyabos ya mutu, mu je Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, mu ɗauko tokumbo. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka saya tukuna. Haƙorin ƙarfe da ya karye ba ya warkewa don an murɗa makulli. Abin da kashewa da tayarwa ke mayarwa daidai shi ne kwamfutar motar. In ta ga saƙon da bai yi mata ba daga wata sensa, sai ta kulle giyar a wuri ɗaya, galibi a ta uku, don ka lallaɓa zuwa gida ba tare da ɓarna ta ƙaru ba. Saboda haka zargi na farko yana kan lantarki da zafi. Gaskiya ne kuloci na ciki in ya fara cinyewa yakan zame ne idan mai ya yi zafi ya tsinke, amma wannan ma sai an gwada a gani, ba a yanke hukunci da kunne.

Ranar da ta sake yi, kada ka bari kowa ya cire kan batir ko ya goge kod, wato lambar matsala da kwamfutar motar ke ajiyewa. Wannan ɗabi'a tana ɓata mini rai, domin shaidar da ake nema ce ake sharewa. Kwamfutar tana ajiye lambar matsala tare da gudun mota da zafin inji a daidai lokacin da abin ya faru. Ƙananan na'urorin karanta kod da ake sayarwa da araha da yawansu inji kawai suke karantawa, sai ka nemi mai lantarkin mota da na'urarsa ke shiga ɓangaren giya. P0717 na nuna saƙon sensar gudu ta shigar giyabos ya ɗauke, P0722 ta fitarsa, P0705 kuma makunnin da ke gaya wa kwamfuta ko kana P, R, N ko D. Lambobin da suka fara daga P0750 yawanci na solinoyid ne, ƙananan bawul na lantarki da ke buɗe wa mai hanya a canza giya.

Sai dai kod hanya yake nunawa, ba ya cewa sensar kanta ce ta mutu. A Legas sau da yawa laifin na soket ne. Motar da ta sha shiga ruwan damina, in aka zare babban soket da ke gefen giyabos, za ka ga haƙoransa sun yi kore-kore, wani lokaci har da man giya da ya biyo waya ya taru a ciki. Ga ɓera, ga wayar da ta jingina da salansa ta narke. A bar inji na aiki, mutum ɗaya na girgiza wayoyin a hankali, ɗaya na kallon na'ura. A auna batir ma: kusan bolt 12.6 in mota na kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 in tana aiki. Kan batir mai sako-sako kaɗai ya isa ya rikita giya.

Tunda taka sai ta yi zafi take yi, gwajin safe a gareji ba zai nuna komai ba. Ka biya mai na'urar kuɗin wuninsa, ya zauna a gefenka ku shiga gosulon nan, yana kallon zafin man giya. Man ya fi son ya tsaya wajen digiri 80. In yana haura 120 to yana ƙonewa ne. Ta cikin lagireto ake sanyaya shi, don haka lagireto da ya toshe ko fanka mai rauni kan fito a matsayin ciwon giya.

Sannan mai. Giyabos mai giya biyar na wannan Prado man Toyota WS yake sha, kuma ba shi da sandar auna mai. Ta wani fulogi a ƙasa ake duba cikarsa, mota na kan daidai, mai na kan zafin da kamfani ya ƙayyade. Wanda ya zuba masa kowane jan mai da ido ya jawo maka matsala. A sauke farantin ƙasa a gabanka. Laushin toka-toka a jikin maganaɗisun ciki ba abin tsoro ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko baƙin mai mai warin ƙuna, shi ne zai sa in yarda da makanikenka.

In har ta kai ga Ladipo, lambar da ke jikin giyabos ɗinka a dace da ita daidai, a haɗo da tok kombata ɗinsa (abin da ke miƙa ƙarfin inji ga giyabos), a rubuta kwanakin gwaji a rasit, a wanke bututun sanyaya mai kafin a ɗaura. Ka kuma sani, in waya ce ke da laifi, na tokumbon ma haka zai riƙa yi.

Tambaya: Ni Hajiya ce daga Idi-Araba. Pathfinder ɗina ƙirar 2006 tana karkarwa jefi-jefi tun da direba ya ratsa ambaliya a Lekki. An duba man giya, ya koma kamar shayi da madara. Canza mai ya isa?

Amsa: Hajiya, a ajiye motar yau, a ja ta zuwa gareji. Ruwa ya shiga, kuma ruwa yana ɓamɓare fatar kuloci daga jikin ƙarfenta. Ƙofa biyu gare shi. Ko ta bututun numfashin giyabos lokacin ambaliyar, ko ta lagireto: Pathfinder, Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 sun yi suna da fashewar bututun mai a cikin lagireto, ruwan inji ya gauraya da man giya. A leƙa lagireton. In akwai mai a ruwansa, sai an canza shi, in ba haka ba sabon man ma zai lalace. A wannan mota kwamfutar giyar a cikin giyabos take zaune, ruwan yana iya taɓa ta. In an kama abin da wuri, wanki da canjin mai fiye da sau ɗaya kan cece shi, amma ki shirya wa yiwuwar buɗe shi. A duba man akwatin giyar taimako da na difarenshal su ma.

Tambaya: Zan sayi jif a kasuwar motoci ta Berger. Yaya zan gane mai irin wannan ciwo?

Amsa: Malam, ka same ta da sanyinta, kada a ɗumama maka kafin ka zo. Sa D, sa ribas, ka ji ko tana jinkirin kamawa. Ka murɗa makulli ka tabbatar fitilar gargaɗin matsalar inji ta kunnu kafin tayarwa, don akwai masu cire ƙwanta. Na'ura kuma tana nuna ko an goge kod kwanan nan. Sannan ka tuƙa ta har ta yi zafi sosai, da AC a kunne, ka gwada giyar taimako a kan ƙasa ko yashi. Dillalin da ya ce zagaye ɗaya a layi ya isa, ka gode masa ka duba ta gaba.