Za a rushe gidajen gwamnati da muke ciki, wai unguwa za ta gyaru?

Tambaya: Salam malam. Ina zaune a Amurka da yarana uku a gidajen gwamnati masu sauƙin haya, an aiko mana takarda wai za a rushe a sake ginawa. Maƙwabta na ta murna wai harbe-harbe zai ƙare kuma kowa zai dawo sabon gida, ni kuwa wallahi ko barci bana iyawa. Dan Allah gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa. Batun tsaro akwai gaskiya a ciki. Cabrini-Green, wata unguwar gidajen gwamnati a Shikago, ta taɓa ɗaukar mutum wajen 15,000, a nan aka harbe yaro ɗan shekara 7 a 1992 yana hanyar makaranta da mahaifiyarsa. An rushe dogon bene na ƙarshe a 2011, yau wurin akwai kantin Target da gidaje masu tsada, laifi ya ragu, kuɗin fili ya tashi.

Amma wannan magana ta "kowa zai dawo" ita ce kullum ke ɓata min rai, na gaji da jin ta. Wa ya ce? A Shikago shirin da aka fara a 2000 ya yi alkawarin gidaje 25,000, sabbi da waɗanda za a gyara, aka rushe benaye da sauri ginin kuma ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru, kafin a gama mutane sun watse da takardar tallafin haya ta Section 8 zuwa wasu unguwannin talakawa a kudu da yammacin gari, yara sun canza makaranta, wa zai sake kwashe kaya? Sabbin gidajen ma an raba su ne, wasu na sayarwa, wasu haya a farashin kasuwa, na masu ƙaramin ƙarfi kaso ne kawai. Sannan ga tantancewa: bashin haya, tarihin laifi na wani a gidan, sharaɗin aiki awa 30 a mako. Ƙalilan ne suka koma. Kin ga unguwa ta yi lafiya kam, amma wasu ne ke shan iskar.

Masu zama ƙofar bene suna cewa "ai gwamnati ba za ta yar da mu ba", ranar da aka nemi takarda ba za ki gan su ba.

Dokoki sun ɗan gyaru, shirin RAD na 2012, wani shirin gwamnatin tarayya na gyaran irin waɗannan gidaje, ya ba mai haya haƙƙin dawowa ba tare da sake tantancewa ba. To ki je ofis ki tambaya a ƙarƙashin wane shiri za a yi naku, a ba ki amsar a rubuce. Kar ki tashi da kanki kafin takardar tashi ta hukuma ta zo, kar ki bari ko wata ɗaya na haya ya hau kanki, rasit kuma ki adana duka. Duk abin da aka miƙo ki sa hannu, kai wa lauyoyin taimakon marasa ƙarfi na garinku su duba tukuna, kyauta suke yi.