Kwandon shara na haya: kwana nawa zai yi a ƙofar shagona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Manchester ta Ingila, na kama shago zan sayar da kayan abinci irin na gida. Da muka fara gyara sai ɗan wana ya samo mini hayar sikip, babban kwandon ƙarfen nan da ake zuba ɓaraguzai, a wurin wani kamfani da ya ce mutanensa ne. Yau kwana 19 yana bakin titi, ko rabi bai yi ba, don magina ba su zo ba. Yaron ya ce in bar shi har in gama, ba komai. Har yaushe zan iya riƙe shi? Na kuma ga harkar da kuɗi, ina tunanin sayen mota in shiga kwasar shara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Yawancin kamfanonin can mako 1 zuwa 2 suke bayarwa a cikin kuɗin haya. In ya wuce haka, ko su fara lissafa maka kuɗin ƙarin kwanaki, ko su turo mota ta ɗauke shi yadda yake. Amma abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne kana tambayata abin da ya kamata a ce yana rubuce a takardar da ke aljihunka. Ina takardar? Ba ka da ita. Da sunan wa aka yi hayar? Wace rana wa'adi zai cika? Abin da ke hannunka kawai shi ne "ba komai" daga bakin yaron da ko fam ɗaya ba zai biya ba idan lissafi ya zo. Ko da gaske mutanensa ne, sabo da kaza ba ya hana yanka.

Ka ce a bakin titi yake. Dokar hanyoyi ta Ingila ta 1980 ta hana a ajiye sikip a kan titin hukuma sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma izinin nan yana da nasa wa'adi, daban da na haya. Galibi kamfanin ne ke nemo shi, ya sa kuɗin a kanka. In ya ƙare ba a sabunta ba, tarar tana iya kai fam 1,000, kuma kada ka yi zaton kamfanin zai shanye ta ya ƙyale ka. Ka ga takardar izinin da idonka? In ba ka gani ba, yau ɗin nan ka nema.

Na san wata baiwar Allah da ta buɗe gidan abinci a can, ƙaninta ya yi mata irin wannan ciniki na baka. Kwandon ya yi kusan wata yana jiran mai aiki. Kullum gari ya waye sai ta tarar an ƙara mata kaya cikin dare: katifa jiƙaƙƙa, tayoyi, har da tsohon firij an kifa shi a gefe. Ranar ɗauka direba ya leƙa ciki ya ce ba zai taɓa ba, don firij da taya ba sa cikin abin da aka yarda a zuba. Ta biya kuɗin raba su, ta biya na ƙarin kwanaki, sannan ta sake hayar wani kwandon don nata ɓaraguzan. Da ta nemi ƙanin, sai ya ce ai shi taimako ya yi. Kuɗin da ta ware wa shinkafa da manja na farkon buɗewa nan suka tafi.

Kwando mai cin yadi 8 (awon yawan abin da cikinsa ke ɗauka ke nan, ba tsawonsa ba), wanda magina suka fi amfani da shi, yakan kama kamar fam 250 zuwa 400, gwargwadon gari. Kai ka biya wannan don ya zauna yana tara ruwan sama da sharar maƙwabta. Ba a kiran sikip sai ranar da magini ya ɗaga guduma. In wurin ajiya ne matsala, akwai tsarin da mota ke zuwa ta jira a loda nan take ta tafi.

Saboda haka gobe da safe kai da kanka za ka kira kamfanin, ba ta hannun ɗan wanka ba. Su rubuto maka ranar da aka kawo, ranar ɗauka, kuɗin kowane ƙarin kwana, da ranar ƙarewar izini. Ka duba sunansu a rajistar masu kwasar shara ta Hukumar Kula da Muhalli, tana nan a intanet kyauta. Dokar muhalli ta 1990 ta ɗora wa mai kasuwanci alhakin sanin inda sharar shagonsa ta tafi, kuma takardar miƙa shara, wato shaidar cewa ka miƙa wa kamfanin shararka, sai ka adana ta shekara 2. In magina ba za su zo a makon nan ba, a ɗauke kwandon, asarar ta tsaya a nan.

Maganar sayen mota kuwa, Alhaji, ka ajiye ta. Kuɗin da ka ga suna karɓa kaɗai ka gani, ba ka ga rajista da inshora da harajin juji da ake biya a kan kowane tan ba. Shagon da ka riga ka kama ana cajin ka hayarsa kowane wata, ga shi ko kanta ba a kafa ba. Ka buɗe shi, ka riƙe littafin shiga da fita na shekara guda, sannan ka sake rubuto mini.