Idan Legas ta nemi tseren Formula 1, wa zai biya wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan gyaran mota a Agege. Tun da aka yi tseren jiragen ruwa masu lantarki na E1 a nan Legas a Oktoban 2025 muke musu a majalisarmu. Wasu sun ce idan aka kawo tseren motoci na Formula 1, masu tseren ne za su biya gwamnati kuɗin titunanta. Ni kuwa akasin haka na ji. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya na wajenka. Mai masauki ne ke biya, kuma da dala. Kamfanin Liberty Media na Amurka, wanda ya sayi harkar a 2017, yana karɓar kuɗin karɓar baƙunci duk shekara. Tsofaffin filayen Turai sun fi samun sauƙi, amma sababbin shiga irin su Saudiyya da Katar da Azarbaijan, abin da ake ruwaitowa ya haura dala miliyan 50 a shekara. Yawancin kwangilolin kuma suna da sharaɗin ƙarin kaso kowace shekara.

Inda gizo ke saƙar shi ne rabon kuɗin shiga. Kuɗin talabijin, da tallan gefen fili, da zauren manyan baƙi, duk na kamfanin ne. Mai masauki tikiti kawai ya riƙe, kuma shi zai gyara hanya ta kai matakin da hukumar FIA, mai kula da tseren motoci a duniya, ta yarda da shi, ya kawo tsaro da asibiti. Tikiti ba ya cike wannan rami, shi ya sa kusan ko'ina sai gwamnati ta sa hannu a aljihu. Koriya ta Kudu ta gina fili a Yeongam, ta yi tsere daga 2010 zuwa 2013, asara ta sa ta haƙura. Indiya ma sau uku ta yi, daga 2011 zuwa 2013, rigimar haraji ta taimaka wajen kashe shi. Malesiya ta daure tun 1999, sai a 2017 ta ce ta gaji.

Wadda ta iya cinikin, a ganina, Singafo ce. Tun 2008 gwamnatinta ke ɗaukar kashi 60 cikin 100 na kuɗin da aka amince da su, ɗan kasuwa mai shirya tseren ya ɗauki sauran, sannan ta ɗora wa otal-otal haraji na musamman a kwanakin tseren, tunda su ke kwasar garaɓasar. Kowa ya san iyakar nauyinsa tun kafin a kunna inji.

Afirka ba ta sake ganin wannan tsere ba tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993. Ruwanda ta bayyana neman ta a Disambar 2024, Afirka ta Kudu na nema, a nan gida ma Abuja aka ambata, ba Legas ba. Yawan manema, ka fi ni sani a matsayinka na ɗan kasuwa, ba ya sa mai kaya ya rage farashi.

Abin da ya fi damuna game da mu shi ne naira. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta wuce 1,500. Da an sa hannu a kwangilar shekara goma kafin nan, da bashin ya ninka sau uku alhali kujerun 'yan kallo ba su ƙaru ba. Don haka duk mai zama teburin ciniki a madadin Legas, kada ya tsaya kan kuɗin shekarar farko. Ya nemi a ƙayyade ƙarin shekara-shekara, a rubuta iyakar abin da baitulmali zai biya, a bar masa wani kaso na talla, a kuma sa ƙofar fita bayan shekara uku ko huɗu ba tare da tara mai nauyi ba. Majalisar dokokin jiha kuma ta ga takardar kafin gwamna ya sa hannu.