Tsakanin D5600 da D7200, Wacce Za Ka Saya?

Yarona, ka ce ka ga kyamarorin Nikon D5600 da D7200 na hannu a wajen kasuwar Terminus ta Jos, duk megafiksel 24 ne, me zai sa ka biya ƙari? Ɗauki D7200. Zancen megafiksel kuwa ajiye shi gefe, 24 ya ishe ka buga hoton amarya babba a rataye a falo.

Abin da kake biya shi ne gurbin katin memori guda biyu. Ka saita ta yadda duk hoton da ka ɗauka zai shiga katunan biyu lokaci guda. Ɗaurin aure ba a sake shi, kamu ma haka. In kati ɗaya ya lalace, da wane baki za ka yi wa uwar amarya bayani? Canon 80D ta 2016 kyamara ce mai kyau, allonta na juyawa, tana bin fuska a bidiyo, amma gurbi ɗaya gare ta. Ni a aikin biki wannan kaɗai ya isa ya hana ni barci.

Sai 'yan ƙafafun saiti biyu na D7200 da ake murzawa, ɗaya ƙarƙashin manuniya, ɗaya ƙarƙashin babban yatsa. Ango ya fito daga masallaci ya shigo rana tsaka, na gaba ya rage buɗewar idon kyamara, na baya ya ƙara saurin shota, idonka bai bar kyamara ba. D5600 ɗaya gare ta, sai ka haɗa da danna maɓalli, kafin nan an gama musabaha. Wuraren kama fokas ma 51 ne a D7200, D5600 kuwa 39, kuma a zauren dina mai ƙarancin haske za ka ga bambancin.

D7200 tana da injin fokas a jikinta, don haka tsohon idon kyamara mai araha, 50mm f/1.8D, zai kama da kansa. Sai dai sensarta, wato abin da ke karɓar hoto a cikinta, ƙarama ce, 50 zai zame maka kamar 75. A ƙuntataccen ɗaki ba zai kwashe ƙawayen amarya ba, nemi 35mm.

Kafin ka miƙa kuɗi, duba adadin bugun shota, an gwada ta a kan 150,000. Sannan ka ɗauki farin bango a f/16, wato ka matse buɗewar idon sosai, ka faɗaɗa hoton. In ka ga ɗigo-ɗigo, ƙura ce ta kwanta a sensa, ka san hunturun Jos. A rage maka kuɗin gogewa.