Tambaya da Amsa: Idan jirgin ruwa ya tsaya, wa za mu bi zuwa cikin gari?

Tambaya: Ni da maigidana mun biya kuɗin tafiyar kwana 7 a jirgin ruwan yawon shaƙatawa a Bahar Rum. Zai tashi daga Barcelona, ya tsaya a Marseille, Civitavecchia, Napoli da Valletta. Kullum kamfanin jirgin na aiko mana da saƙo mu biya kuɗin rangadin da suke shiryawa a kowace tasha, kuma akwai tsada. 'Yarmu ta ce ta ga masu araha a intanet. Ba mu taɓa irin wannan tafiya ba. Wanne za mu bi? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Hajiya, kada ku yanke wa tashoshin nan hukunci ɗaya. Ku ɗauki jadawalin tafiyar, a gaban kowace tasha ku rubuta abu biyu: awa nawa jirgin zai tsaya, da nisan abin da kuke son gani daga inda zai tsaya ɗin. Waɗannan biyun su ne za su nuna muku inda tsadar kamfani ta cancanci kuɗinta da inda ta zama ɓarna.

Abin da kuke saye a wajen kamfani ba kyan mota ko ƙwarewar ɗan jagora ba ne, domin yawanci su ma kwangila suke bai wa 'yan gari. Alkawari kuke saye. Idan motar rangadinsu ta makara, jirgi zai jira ta, in kuwa jiran bai yiwu ba, su za su kai ku tasha ta gaba da kuɗinsu. Wanda ya fita da ƙafarsa ko ya bi wani kamfani daban ba shi da wannan. Lokaci na cika za a janye matakala, a miƙa fasfonsa ga wakilin jirgin a tashar idan ya bar shi a akwatin ajiya na ɗaki, sauran hidima kuwa, otal da tikitin bin jirgi, daga aljihunsa.

Civitavecchia ce tashar da za a yi wa dogon tunani. A takarda za ku ga an rubuta Rum, amma birnin yana nesa da kusan kilomita 80. Mu ɗauka jirgi ya iso ƙarfe 7 na safe, zai tashi 7 na yamma. Lokacin da za a ce kowa ya dawo yakan riga tashi da minti 30, wato 6:30, kuma da shi ake lissafi. Daga bakin jirgi sai kun hau motar cikin tasha ta fito da ku, sannan ku nufi tashar jirgin ƙasa, sannan tafiyar awa ɗaya zuwa awa ɗaya da minti 20. Dawowa ma haka. A Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum, jiragen ƙasa masu zuwa Civitavecchia sukan tsaya can a ƙarshen tasha, tafiyar ƙafa ta kusan minti 10 daga zauren shiga, kuma a nan baƙo yake rasa jirginsa yana kallon allo. Wanda zai je da kansa ya bar Rum kafin ƙarfe 4, ya tabbata akwai jirgin ƙasa biyu a bayan wanda ya nufa. Idan tikitin takarda ne na jirgin yanki, a buga masa hatimi a na'urar da ke tasha kafin a hau, in ba haka ba akwai tara. Ga kuma yajin aikin ma'aikatan sufuri, wanda ba baƙon abu ba ne a Italiya. Don haka a tafiyar farko, ranar Rum ku bi kamfani. Sai dai ku duba nau'ukan rangadin, akwai wanda mota ce kawai ta kai ku ta ajiye, ta ba ku awannin kanku, ta dawo da ku. Ya fi araha, kuma alkawarin jira yana kansa. Ku lura da ranar mako: gidajen tarihin Batikan, fadar Paparoma, a rufe suke ranar Lahadi, ban da Lahadin ƙarshen wata, Colosseum kuwa, tsohon filin wasan Rumawa, tikitinsa na da ƙayyadadden lokacin shiga.

Valletta akasin haka ce. Jirgi na tsayawa a gindin ganuwar birnin, ku taka kaɗan ku hau lif ɗin Barrakka mai tsawon mita 58, sai ga ku a lambun da ke kallon tashar, jirginku a ƙasa kuna ganinsa. Biyan kuɗin rangadi a nan kamar ɗaukar ɗan rakiya ne daga soro zuwa tsakar gida. Napoli ma tashar a tsakiyar gari take. Idan kango na Pompeii kuke so, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, yana da nisan kusan kilomita 25, kuma nan ne wurin gwada masu arahar da 'yarku ta gani. A Marseille tashar manyan jirage na wajen gari, kuɗin motar kai-da-kawo zuwa tsohuwar tasha da ke tsakiyar gari ya wadatar.

Kafin ku biya wani a intanet, a shafukan sayar da rangadi irin su Viator ko GetYourGuide ko kai tsaye, ku tambaye shi a rubuce: a ina zai ɗauke ku, bakin jirgi ko wajen ƙofar tasha? Ƙarfe nawa zai dawo da ku? Mutum nawa ne a motar? Kuɗin shiga wurare yana ciki? Idan jirgi bai tsaya a tashar ba, zai mayar da kuɗi? Dawowar ta kasance aƙalla awa ɗaya da rabi kafin lokacin komawa jirgi. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a tambaya ta ƙarshe, ku bar shi.

Kowace safiya kafin ku fita, ku ɗauki hoton takardar shirin rana da ake kawowa ɗaki ko ake sawa a manhajar jirgin. A nan lokacin komawa yake, da lambar wayar wakilin jirgin a wannan tasha. Ku fita da katin jirgi, da shi ake ƙirga wanda ya fita da wanda ya dawo.

Tambaya: Jirginmu zai tashi daga Girka, ya tsaya a Kusadasi ta Turkiyya, ya koma tsibiran Girka. An ce mini idan na bi rangadin kamfani, ko na zauna a cikin jirgi, ba ruwana da biza. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, wanda ya gaya maka haka mai yiwuwa ba fasfo irin naka yake riƙe da shi ba. Mai fasfon Nijar ko Nijeriya yana buƙatar bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta yawancin ƙasashen Turai, kafin ya taka Girka, kuma rangadin kamfani ba ya maye gurbinta. Tun a tashar farko ake duba takardun tafiyar gaba ɗaya, wanda nasa ba su cika ba a nan ake hana shi hawa, kuma yawanci ba a mayar da kuɗi. Cewa ba zan sauka ba ba ta fitar da mutum.

Ga tarkon da ke cikin jadawalinka: Turkiyya ba ta cikin yankin Shengen. Da jirgi ya tsaya a Kusadasi ka fita daga yankin, dawowarka Girka shiga ce ta biyu. Bizar shiga sau ɗaya ta mutu ke nan a tsakiyar tafiya. Ka nemi ta shiga sau da yawa, ka haɗa jadawalin jirgin a takardun nema domin su ga dalili. Haka abin yake ga jiragen da ke tsayawa a Tunisiya ko Montenegro. Batun sauka a Turkiyya kuwa ka samo amsarsa a rubuce daga ofishin jakadancinta da kuma kamfanin jirgin, ka faɗi irin fasfonka ƙarara. Fasfon ya zama yana da sauran wata 6 bayan ranar dawowa.

Idan takardu sun kammala, Kusadasi mai sauƙi ce. Tsohon birnin Afisa bai fi kilomita 20 daga tasha ba. Ka karanta bayanin rangadin da kyau, da yawansu na ƙarewa a shagon darduma ko na kayan fata, a ba ka shayi a cinye maka awa guda.

Tambaya: Zan tafi da mahaifiyata, shekarunta 70, tana fama da gwiwa. Akwai tsibirin Santorini na Girka a tafiyar, kuma na so mu zaga da kanmu. Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Mama lafiya, amma a Santorini ku bi kamfani. Manyan jirage ba sa matsowa gaɓa a can, a tsakiyar ruwa suke tsayawa, ƙananan jirage su riƙa kwasar mutane. Masu rangadin kamfani ake fara fitarwa, sauran su karɓi lamba su jira kira. Masu rangadin kamfanin yawanci tashar Athinios ake kai su, inda mota ke jira. Masu zaman kansu tsohuwar tasha ake sauke su, a gindin dutsen da garin Fira ke kansa, kuma hanyoyin hawa uku ne: motar da ke tafiya a kan igiya, ko matakala kusan 600, ko jaki. Ranar da jirage da yawa suka haɗu, layin motar igiyar da yamma yakan yi tsawon da zai sa mutum ya soma duba agogo. Ku tambayi teburin rangadi ta ina za a dawo da ku, domin wasu rangadin a Fira suke ƙarewa, kowa ya sauko da kansa.

A littafin rangadi ana sa wa kowanne alamar wahalarsa. Ki zaɓar mata mai sauƙi, irin wanda akasarinsa a cikin mota ake yi. Ki kuma sa wa agogo ido: Girka na gaban Italiya da awa ɗaya, waya kuwa canza lokaci take yi da kanta. Agogon jirgi ne hukunci, ki saita na hannunki da shi kafin ku sauka.

Tambaya: Yaushe ya fi dacewa a biya, tun a gida ko sai an shiga jirgi? Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Malam, na tashar da ka fi ɗokinta ka biya tun a gida, da wuri, domin masu farin jini sukan cika, kuma farashin kafin tafiya sau da yawa ya fi na cikin jirgi sauƙi. Ka duba wa'adin sokewa, yakan kasance awa 24 zuwa 48 kafin isa tashar. Idan iska ta hana jirgi tsayawa, kamfani da kansa yake mayar da kuɗin rangadinsa. Kada ka cika kowace rana da fitar awa 9, zuwa rana ta huɗu ƙafa za ta yi yaji. Ka riƙe 'yan Yuro a hannu saboda tasi da ruwan sha, ka sa 'yar darduma mai naɗewa a jaka, domin motar rangadi ba ta tsayawa don azahar.